Jan Fenti a Babban Yatsa

Litinin, da hantsi

Mun dawo daga asibiti. Likita ya faɗi wata kalma doguwa, ba zan rubuta ta a nan ba, takardata ba ta da faɗin ɗaukarta. Ya ɗaga hoton ƙirjina ga fitila, ya zagaye wani wuri da biro. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina fesa wa motocin mutane fenti, na san tabo in na gan shi. Na ce, "Likita, wannan ai samfefa kawai yake so." Bai yi dariya ba. Auta, 'yata da muke zaune tare, ita ma ba ta yi ba.

Ga abin da suka yanke ba su tambaye ni ba. Ƙarshen wata zan kwanta su yi abin da za su yi. Kafin nan za a kawo tukunyar iskar numfashi a ajiye kusa da gadona. Tukunyar ba ta zama ɗaki ɗaya da tina, ruwan sirka fenti, wai wuta. Gadona kuwa yana ɗakin da teburina yake, da kwalaben fentina, da kantar motocina na roba. A cikin tasi Auta ta ajiye maganar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Baba, sai dai a kwashe."

Na ce mata ta duba direban can, ya yi kwana ba sigina.

Tun da na bar gareji nake haɗa 'yan motocin nan. Tsawon takalmi suke, a kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, ka liƙa da gam, ka fesa da 'yar bindiga mai kamar biro. Kanta ta cika: shuɗi, kore, fari, ruwan toka, baƙi har biyu. Ja ne babu. Ja ba ya rufa wa mai fenti asiri, ko numfashi ka yi ba daidai ba sai ya faɗa wa duniya. Na ajiye shi don ƙarshe.

Don gaba, nake nufi.

Yau na sauko da kwalinsa.

Talata, bayan Auta ta tafi makaranta

Tana koyar da lissafi, ba ta dawowa sai azahar. Allah ya ƙara wa lissafi daraja.

Na haɗa launin. Ja iri biyu, ɗigon ruwan ƙasa, da ɗan ruwan lemo a bakin tsinke. Ban auna ba, ban taɓa aunawa ba, don haka abin da ke cikin kwalbar nan ba shi da ɗan'uwa a duniya. In ya bushe, ko ni ba zan iya maido shi ba.

Fenti yadda ya fito daga gwangwani kauri gare shi, kamar kan babban ɗana. Sai an sirka shi da tina, ɗigo-ɗigo, ana juyawa. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya ji ƙansa, da farce yake gwadawa, ni ma haka. Ka shafa siriri a farcen babban yatsan hagu, ka hura. In ɗan farin watan nan na gindin farce ya leƙo ta cikin fentin kamar mai jin kunya, ya yi. In ba ka gan shi ba, da saura, ƙara tina. In fentin ya gudu ya shige lungun fata, ka zarce.

Wata ya leƙo. Na yi feshi na farko, siriri kamar hayaƙi. Motar ba ta ma yi ja ba tukuna, kunya kawai ta ji. Haka ake so. Siriri, a bari ya bushe kwana biyu, a sake. Ba a gaggawa da ja.

Na goge farcen da tina, na wanke da sabulu, na buɗe taga, na kunna fanka.

Da ta dawo ta tsaya a ƙofa tana shinshina iska kamar kyanwa.

"Baba, ina jin wari."

"Na maƙwabta ne."

"Maƙwabta ɗinki suke yi."

"To, sun canja sana'a."

Laraba, da la'asar

Ban yi tari ba yau. Wanda aka ji, shaƙewa ce.

Juma'a, da yamma

Mai Walda ya zo. Bango ɗaya ya raba garejinsa da namu tun muna da gashi. Yanzu kunnensa ɗaya ya yi ritaya, shi ya sa yake magana kamar yana kiran wani a ƙetaren titi. Ya hau benen nan yana haki, ya zube a kujera.

"Ƙaramin yaro! An ce za su buɗe maka bonet!"

"Sabis ne kawai."

"Sabis? Injin da ya sha tina tun zamanin jahiliyya? Ai sai dai a sauke shi gaba ɗaya!"

"Kai da walda ta cinye wa ido, me ka gani?"

Ya ɗauki motar zai duba, na doke masa hannu. Ya ce me ya sa ba zan zuba mata fentin sau ɗaya in huta ba, tun da lokaci... Bai ƙarasa ba. Ya kama duban silin.

Sai na ba shi labarin kakata. Ranar da aka raba launi a daji, kowa ya karɓi nasa ya ruga. Damisa ta ruga cikin yayyafi nata bai bushe ba, shi ya sa har yau take dabbare-dabbare. Hawainiya kuwa, da ita ce sarkin gudu. Ta karɓi launukan duka, ta rantse ba za ta ɗaga ƙafa ba sai na jikinta ya bushe. Duk sanda ka ga ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya tana rawa, tambaya take: ya bushe?

"Kakarka ta san fenti ne? Ƙarya ka ƙara!"

"Ɗigo biyu kawai."

Da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe. Na ce ya sake ni, ba mota nake sayarwa ba.

Asabar, da safe

Kwalbar tina ta ɓace daga tebur. Ban tambaya ba. Muka sha shayi kamar sarakuna biyu da suka gama yaƙi a zuci.

Yarinya ce. Wanda ya rayu da uwarta, Allah ya ji ƙanta, ya san ba a ajiye dukiya wuri ɗaya. Akwai rabin kwalba a aljihun tsohon keken ɗinkin marigayiyar, a bayan zare.

Lahadi, da azahar

Yayan Auta ya kira daga inda yake aiki. Ya fara da gaisuwa mai tsawo, na san akwai duwatsu a ƙarƙashi.

"Baba, don Allah. Kayan wasan yara ne fa. Za ka sa ranka a kan motar roba?"

Na ce masa layin ba kyau. Ya ce shi yana jina sarai. Na ce to ni ne ba na jin sa.

Kayan wasa. Yaron da ya koyi tafiya yana riƙe da bambar motar da na fesa.

Litinin, da hantsi

Feshi na biyu. Ta fara yin ja kamar kunnen da rana ta bi ta bayansa.

Na huta sau biyu tsakanin tebur da taga. Tebur ɗin ne ya yi nisa, wani ya matsar da shi.

Laraba, da azahar

Sun kira daga asibiti. Sun matso da ranar. Mako mai zuwa, Alhamis. Wai likita ba ya so a jira.

Ni ma ban ce ina jira ba. Aiki nake.

Alhamis, da la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, don kada gobe in ce laifin iska ne.

Na sirka, na shafa a farce, na hura. Wata bai leƙo ba. Na gani da idona, ba hazo, ba komai. Sai na ji bakina yana cewa, ai ja ne, ya yi. Na cika bindiga, na matso kusa, na danna har ƙasa, ina so in haɗa feshi biyu a ɗaya.

Ta yi kyau na ɗan lokaci, kamar an tsamo ta daga ruwa. Sai ƙofar hagu ta fara hawaye. Ɗigo ya taru a ƙarƙashin mariƙi, ya gangaro a hankali, ya tsaya a tsakiya yana kallona. Wani ya biyo shi a bonet.

Damisa.

Na zauna ina kallonta har fanka ta gaji. Ban taɓa tsoron mota ba. Ba tsoro ba ne. Hannu ne ya yi sauri.

Juma'a, da safe

Na kankare ta. Samfefa mai laushi da ruwa, sauran kuma da tsumma da tina, har roba ta fito fara kamar ba a taɓa saninta ba. Aikin kwana goma ya tafi a tsumma ɗaya.

Tina saura ɗan kaɗan a gindin kwalba. Ba zan ɓata shi a wankin farce ba. Na dunƙule babban yatsan cikin hannu, haka na ci abinci, haka na yi sallama da Auta. Ta ce me ya sami hannuna. Na ce dambe nake koya.

Na sake feshi na farko. Siriri.

Asabar, da yamma

Asibiti, gwajin kafin ranar.

Wata ƙaramar nas ta ɗaura mini abin awon jini a hannun dama, ta kama hagu don ta maƙala ɗan abin nan mai jan haske da ke gaya musu yawan iskar da ke jikin mutum. Ta gwada manuni, ya ƙi, wai yatsuna sun yi sanyi. Tana magana da Auta, ba ta duba ba, ta ɓamɓaro babban yatsan ta maƙala.

Na'urar ta kama kuka. Lambobi suka faɗi ƙasa, suka ɓace, suka dawo, suka sake faɗi. Yarinyar ta ruga waje tana kiran babbarsu. Wani ya turo keken marasa lafiya. Wani ya ɗora mini takunkumi a fuska, ina cewa lafiyata lau, ba mai ji.

Babbar ta shigo ba gudu. Ta dubi fuskata, ta dubi leɓɓana, ta cire abin daga yatsana, ta ɗaga hannun ga fitila.

"Baba, kwalliya aka yi mana? Haske ba ya ratsa wannan ai." Ta mayar da shi ɗan yatsan tsakiya ta murza shi ya yi ɗumi, na'urar ta yi shiru. Kowa ya yi dariya. Na taya su.

Auta ba ta yi ba. Tana jingine da bango, jakarta a ƙasa, kayan ciki sun watse, ba ta ma sani ba. Fuskar da na gani a wurin, ban taɓa ganinta a kan 'yata ba. Ba zan kwatanta ba.

Muka shiga tasi. Na nuna mata wata mota da aka yi wa fenti kamar da tsintsiya. Ba ta juyo ba.

Lahadi

Shiru.

Litinin, da hantsi

An kawo tukunyar. Doguwa, kore, fentinta ma duk ya kwaile, ko kunya ba ta ji. Masu kawowa suka ce ina za a sa. Auta ta nuna ɗakina. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa, na ɗora ƙafa kan ƙafa.

Suka dube ta, suka dube ni, suka jingine ta a lungu suka gudu.

Ta kawo kwalaye uku babu komai ciki, ta jera a gabana. Ba ta je makaranta ba. Na yini a kujera, ta yini a kicin tana wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

Ɗakina ne. A nan nake mai fenti. In aka kwashe, abin da zai saura a ciki tsoho ne da gado da tukunya, kuma wannan mutumin ban san shi ba, ba na kuma son a gabatar mini da shi.

Talata, da safe

Ta zo da shayi ta ajiye a ƙasa kusa da kujerata, ta zauna a kan kwali ɗaya har ya lotsa.

"Baba, ka san wa ya ɗauke ka a matakala rannan?"

Ban rubuta zancen matakala a nan ba, ba kuma zan fara yau ba.

"Ni ce. Ni kaɗai. Ina kiran maƙwabta, keken ɗinkinsu ya hana su ji. Ran Asabar da na'urar nan ta yi kuka, na ɗauka..." Ta tsaya. Ta goge hanci da bayan hannu kamar tana 'yar shekara biyar. "Kana tsammanin warin tina nake ƙi? Warin nan shi ne Baba ya dawo gida. Tun ina rarrafe. Ni dai so nake ya ci gaba da dawowa."

Na sha shayin. Ya yi zaƙi da yawa, na faɗa mata.

Sai na ce, "Likita cewa ya yi tukunya ba ta zama da tina. Ya ce tebur ne zai fita?"

Ta dube ni.

"A fitar da gadon."

"Baba, a falo za ka kwana?"

"Na kwana a ƙarƙashin tirela, falo ne zai gagare ni? Gado da tukunya su tafi falo su yi zamansu, can ƙarshen gida. Fenti na nan inda yake."

"Kai kuma ba za ka shiga ba in kwalba tana buɗe."

"Wa zai sirka? Aljanu?"

Ta miƙo mini hannunta na hagu, ta ɗaga babban yatsa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce an ci ni da yaƙi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Gado na bayar, kuma dama katifar ta tsufa.

Talata, da la'asar

Mai Walda da ɗan maƙwabta sun fitar da gadon, sun kankare mini fentin ƙofa. Na gaya musu abin da nake tunani game da iyayen gidansu.

Ga yadda muka tsara. Ni a baranda, a kujera, tagar gilashi a rufe tsakaninmu. Ita a ciki, ɗaya tagar a buɗe, fanka na juyawa, takunkumi a fuska. Ta fito da kwalbar da ta sace mini, ko kunya.

Malamar lissafi! Ta ce in gaya mata kashi nawa. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce ɗigo. Ta ce ɗigo nawa. Na ce har sai ya yi. Ta ce wannan ba amsa ba ce, da ɗalibinta ne da ya sha jan biro. Ta shafa a farce, ta manna yatsan a gilashi.

"Kauri!"

Ta ƙara.

"Kauri!"

Ta tuntsura kwalbar da fushi, fentin ya gudu har gindin yatsa.

"Kin zarce! Shayi kike haɗawa?"

"Baba, in ka sake yi mini tsawa zan shafa wa motar nan shuɗi!"

Muka ƙara ja daga gwangwani kaɗan-kaɗan, ina ta addu'a launin kada ya gudu. Bai gudu ba. Can ta sake manna yatsa. Na bar mata hukuncin. Ta janye, ta duba da kanta ga haske, ta daɗe.

"Ga shi can. Baba, ga shi yana leƙowa!"

Na ce ba laifi. Abin da maigidana ya ce mini ke nan, kuma sai da na shekara uku.

Ta yi feshi na biyu. Don tsoro ta yi nisa da motar fiye da kima, rabin fentin iska ta sha. Gara haka. Mai tsoro ba ya sa mota hawaye.

Laraba, da yamma

Gobe ne.

Ta ce tana iya ƙarasawa yau, in tafi na ga motata ja. Na ce ta taɓa rufin da bayan yatsa. Ta ce da ɗan danshi. Na ce to.

Saura feshi biyu. Na uku nata ne, in ya bushe. Na ƙarshe nawa ne, ba mai taɓa mini shi, ko likita ya ce in sa takunkumi bakwai in tsaya a kan rufin gida. Aikinta kafin nan kwalbar: tina na guduwa ko an rufe, fentin ya yi ta kauri har ya mutu. Duk bayan kwana biyu ta buɗe, ta ɗiga, ta juya, ta gwada.

"Har yaushe, Baba?"

"Har in zo."

Ta goge mini farcen da kanta, a baranda, tana kau da kaina gefe. Farce goma fari tas, kamar na wanda bai taɓa aiki ba. Ban ji daɗin ganinsu ba.

Tukunyar tana gefen gadona a falo. Na gaya mata in na dawo zan yi mata fenti, don ba zan zauna da abu mai kama da haka ba.

Ban san ranar ba, da rana

Biro ya yi nauyi. Sun buɗe bonet. Abin da suka samu, su suka sani.

Asabar, in ji nas, da la'asar

Ba a barin kowa ya shigo inda nake, sai ta bayan gilashi. Auta ta zo daga taron makaranta, da kayan aikinta, da jakarta. Ba ta ɗaga mini hannu ba. Ta zo ta manna babban yatsanta a gilashin.

Ja. Da shi ta tsaya gaban iyayen yara.

Na sa nas ta ɗaga mini kai. Na duba, na ƙara dubawa. Daga nan gadon ba na ganin wata, ba na ma ganin farcen sosai. Na ce wa nas ta je ta gaya mata ya yi kauri.

Ta je, ta dawo tana danne dariya.

"Baba, ta ce ƙarya kake. Ta ce in ba ka yarda ba, ka tashi ka zo ka sirka da kanka."

Yarinya ba kunya.

Na ce a miƙo mini takalmina. Nas ta ce ba yau ba. Na ce to a ajiye su inda zan riƙa ganinsu.